Maƙwabcinka da Ba Ya Zuwa Coci

Karatunmu na yau daga Matiyu 9:9-13 ne. A can Yesu ya zauna cin abinci tare da masu karɓar haraji da waɗanda ake kira masu zunubi. Farisiyawa suka yi gunaguni, amma bai tashi ba.

Mu a Kuru ba mu manta da Janairun 2010 ba, sa'ad da aka kashe Musulmi da yawa a Kuru Karama. Tun daga nan aka raba unguwa, har gaisuwa ta yi wuya. Wasu masu bi suna ganin guje wa wanda ba Kirista ba shi ne tsarki. Ubangiji bai koya mana haka ba.

Ku tuna kuma da Nghar Yelwa a Barkin Ladi. A watan Yunin 2018, da aka kawo hari, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Maƙwabtansa ne, ya san su.

To, 'yan'uwa, ku je ta'aziyya, ku je suna, ku kai shinkafar Kirsimeti, ku yi barka da Sallah. Bangaskiyarku ba za ta ragu ba. Wanda ba ku gaisawa da shi, yaya zai ji bishara daga bakinku? Ku karanta Romawa 12:18 a gida yau.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka koya mana ƙaunar maƙwabcinmu, cikin sunan Yesu. Amin.