Maganin Tsutsar Kare da Lafiyar 'Ya'yanmu

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

Da yawa daga cikinmu mazauna birni mun ajiye karnukan gadi saboda ɓarayi, a nan gida kuma mafarauta da makiyaya na da nasu. Duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki haƙƙinta. Abin da nake so mu riƙe a yau shi ne, tsutsar da ke cikin kare ba a cikinsa kaɗai take tsayawa ba, tana iya kaiwa ga yaran gida.

Iri uku ne suka fi damun karnukanmu. Na farko macijin ciki. Kwikwiyo kan samo shi tun yana cikin uwarsa, ko ta nono, sai a ga tumbinsa ya kumbura, jikin kuwa a rame. Ƙwan tsutsar na fita cikin kashi ya zauna a ƙasa. Yaron da ya yi wasa a wurin ya sa hannu a baki zai iya haɗiye shi, ta kai masa ga hanta ko ido. Na biyu tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shan jinin kare har dasashinsa ya yi fari. 'Ya'yanta kan huda fatar mai tafiya ba takalmi, su bar masa zane mai ƙaiƙayi. Na uku tsila, wadda kare ke samu idan ya haɗiyi ƙuma, ko ya ci ɗanyen kayan ciki.

A kan tsila nake roƙon mu ƙara natsuwa. Idan an yanka rago ko sa ko raƙumi, wani lokaci akan ga jakar ruwa a huhu ko hanta, sai a yanke a jefa wa kare. Wannan jaka cike take da 'ya'yan wata tsila wadda tsawonta bai kai santimita 1 ba. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita. Mutumin da ya haɗiyi ƙwan, irin wannan jaka ce za ta yi shekaru tana girma a hantarsa, sau da yawa sai da tiyata. Saboda haka ranar layya a ƙone irin wannan nama, ko a binne shi da zurfi.

To, wane magani za a zaɓa? Kowace tsutsa da nata. Pyrantel da fenbendazole suna kashe macijin ciki da mai ƙugiya. Praziquantel shi ne na tsila, ivermectin kuwa ba ya taɓa ta. Akwai ƙwayoyin da aka haɗa biyu ko uku wuri ɗaya domin karnuka. A nemi shawarar likitan dabbobi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma guji na 'yan talla da ya sha rana. Araha ba ta ado.

Nauyin kare ake bi wajen awo, ba a yin kirdado. Mai gida ya rungumi karen ya hau sikeli, sannan ya hau shi kaɗai, ya debe. Praziquantel miligiram 5 ake ba kowane kilo, ke nan kare mai kilo 20 zai sha miligiram 100. Kada a gutsuro ƙwayar albendazole ta shanu a ba kare, domin tana iya lalata masa ɓargo, ta kuma nakasa 'ya'yan karya mai ciki. Haka allurar ivermectin ta shanu, idan ta yi yawa takan jawo karkarwa, dalalar miyau, makanta, har mutuwa, wasu karnukan Turai ma ba su jure mata. Karya mai ciki da kare marar lafiya, sai likita ya duba tukuna.

Kwikwiyo ana fara masa yana mako 2, a maimaita kowane mako 2 har ya kai mako 8, daga nan wata-wata har wata 6. Babban kare kuma aƙalla kowane wata 3. Kwanakin da suka biyo bayan magani a kwashe kashin a binne, a yi maganin ƙuma, yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A kuma tuna, maganin tsutsa daban, allurar rigakafin haukan kare daban, kowanne da lokacinsa.

Shawarata ga ƙungiya ita ce mu haɗa kai da sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, mu ɗauki nauyin magani ga karnukan mafarauta da makiyaya sau 4 a shekara, mu kuma haƙa rami mai murfi a kwata domin naman da aka ƙi. Kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da na tiyatar yaro ɗaya.

Allah ya tsare mana zuri'armu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.