Jawabi a Taron Shekara: Yadda Za Mu Tsara Shafin Ƙungiyarmu Don Kada Ya Durƙushe

 

An umurce ni in yi bayani a kan kwamfutar da za ta ɗauki shafin ƙungiyarmu na intanet, wadda ake kira saba. Damuwarmu ita ce ranar rajista da biyan kuɗin ƙungiya, lokacin da kowa zai afka wa shafin a tare.

Tsohuwar hanya ita ce CGI, wadda ta fito a 1993. A wannan tsari, duk wanda ya buɗe shafi sai saba ta tayar da manhajar daga farko, ta ba shi amsa, sannan ta kashe ta. Ku ɗauka mai shayi ne da ke hura wuta ga kowane mai saye, ya kashe ta da zarar ya zuba kofi ɗaya. Idan mutum biyar ne babu laifi, amma idan ɗari biyar ne fa?

Shi ya sa a 1996 kamfanin Open Market na Amurka ya fito da FastCGI. A nan ana tayar da manhajar sau ɗaya, a bar kwafinta da dama suna jira kamar ma'aikata. Saba irin su Apache ko nginx sai ta miƙa wa wanda ba ya aiki buƙatar, ya gama, ya jira ta gaba. Ga shafin da aka rubuta da PHP, mai kula da waɗannan ma'aikata shi ne PHP-FPM, wanda ya shiga cikin PHP a 2010.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. Kowane ma'aikaci yana riƙe da wani kaso na ƙwaƙwalwar kwamfuta ko da ba ya komai. Alal misali, idan muna da megabait 2,000, muka ware 500 don sauran ayyuka, kowane ma'aikaci kuma yana cin 50, to iyakarmu 30 ke nan. Wannan adadi ake rubutawa a layin pm.max_children. In ya yi yawa ƙwaƙwalwa ta cika, in ya yi kaɗan mutane su yi ta jira har shafi ya yanke. Haka kuma a sa pm.max_requests, don a sauya ma'aikaci bayan ya yi hidima sau adadi kaza, saboda wata manhajar tana ƙara cin ƙwaƙwalwa in ta daɗe tana aiki.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, kafin a kashe kuɗin membobi wajen hayar babbar saba, a fara auna abin da ma'aikaci ɗaya ke ci, a yi wannan lissafi, a gwada shafin mako guda kafin ranar rajista.