Kuɗin Bincike Ba Na Ƴan Gata Ba Ne: Jawabi Ga Ɗaliban Gaya Da Suka Zo Hutu

Yayyena da ƙannena, maza da mata, na Yamai da na Dosso, na Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da ƴan uwanmu da ke karatu a Sakkwato da Birnin Kebbi da Parakou, barkanku da zuwa gida. Waɗanda suka samu bak bana, Allah Ya sa albarka.

Maganar da aka ce in yi a kai ita ce yadda ɗalibin da bai ƙare lisansi ba zai nemi kuɗi ya yi bincike, ko wani aikin fasaha, ƙarƙashin kulawar malami. Na san wasu tun da suka ji kalmar kuɗi suka fara murmushi, wai buris ma da ƙyar take fitowa, ina ga kuɗin bincike. Ku yi mini haƙuri, mu je sannu-sannu.

Duk wanda ya kai shekara ta uku a jami'a ya san abin da ke faruwa. A ce maka ka kawo jigon memwar ko rahoton sanin makamar aiki. Ka duba aljihu, ka ga ko kuɗin mota daga Yamai zuwa Gaya, tafiyar wajen kilomita 300, babu. Sai ka zaɓi jigon da za ka iya gamawa a zaune, da waya da intanet da kundayen waɗanda suka riga ka. A yi sutanans, a tafa, a ɗauki hoto, kundin ya hau kanta ya sha ƙura. Ɗalibi ya samu takarda, garinsu bai samu komai ba.

Alhali garin nan namu cike yake da abin bincike, wasu ma sun riga mu gani. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Suwizalan, Olivier Walther, ya zo ya bi diddigin manyan ƴan kasuwar Gaya da Malanville da Kamba, ya fitar da littafi da Faransanci a 2008. Ba laifi ya yi ba, aiki ya yi. Amma ƴan kasuwar da ya yi hira da su iyayenmu ne da kawunnanmu. Mu da muke cin tuwo a gidajensu, me muka rubuta?

In wani yana ganin rubutu wasa ne, ya tuna da tsibirin Lete. Shekaru da dama Nijar da Benin suna ja-in-ja a kansa, har aka kai gaban kotun duniya da ke ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci: cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Cikin hujjojin da alƙalai suka duba akwai wasiƙar da wani kwamandan Faransa da ke riƙe da yankin Gaya, mai suna Sadoux, ya rubuta a 1914. Takarda guda, da aka rubuta a garin nan, ta yi magana bayan shekara 91. Kun ga ke nan wanda ya rubuta yau, shi za a saurara gobe.

To ina kuɗin suke? A Amurka, jami'ar MIT ta buɗe wani shiri tun 1969 wanda ke haɗa ɗalibin digirin farko da malami su yi bincike tare, kuma jami'o'i da yawa sun kwaikwaye ta. A maƙwabciyarmu Nijeriya akwai asusun TETFund da ake zuba wa harajin kamfanoni, amma kuɗin bincikensa hannun malamai suke bi. Mu nan, jami'ar Abdou Moumouni ta faro ne a 1971, na Maraɗi da Tawa da Damagaram suka zo a 2010, tamu ta Dosso a 2014. Buris ɗin da hukumar ANAB ke biya ta ci da sha ce da kwana, ba ta kai mutum ƙauye yin tambayoyi. Kuɗin bincike kuwa, in sun shigo, ta ƙofar malamai da cibiyoyi suke shigowa: malami ya samu wani shiri, a ba shi kasafi, a cikin kasafin akwai gurbin ɗalibai masu tattara bayanai. Haka abin yake tafiya a tsangayoyi, da cibiyoyi irin su INRAN mai binciken noma, da IRSH mai binciken tarihi da al'adu, da LASDEL da ke Yamai wadda ke da reshe a Parakou. Saboda haka ƙofarku ta farko malami ne. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta jiran sanarwa a allo har ya gama karatu.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake shiri.

Abu na farko, tambaya. Ba a ba da kuɗi don jigo, ana bayarwa ne don tambaya. In ka rubuta "matsalar noma a Nijar", ba wanda zai karanta layi na biyu. Ka rage ta har ta dace da ƙafarka da wata biyu ko uku da kake da su. Ga gandun giginya na Dallol Mawri: mutane na tonon muruci suna sayarwa, ana sare manya don azara. Mai karatun noma ko muhalli zai iya tambaya, a ƙauye ɗaya tak, ƙananan giginyu nawa ke tasowa a gona idan aka gwada da manyan da ake sarewa? Ga matan Foga masu dafa gishiri: itace nawa suke ƙonawa kafin su samu buhu guda, nawa ke saura a hannunsu bayan sun biya itacen? Ga gadar nan da aka rufe bayan 26 ga Yuli 2023, mutane da kaya suka koma jiragen ruwa: wa ya samu, wa ya rasa, tsakanin masu jirgi, ƴan dako, ƴan kabu-kabu da masu sayar da abinci a bakin duwan? Mai karatun kwamfuta a Dosso, kai ma akwai naka: yadda ɗan kasuwa ke juya sefa da naira a rana guda, da wace hanya yake riƙe lissafi, me waya za ta sauƙaƙa masa? Waɗannan tambayoyi, ɗan Gaya ya fi kowa damar amsa su, don yana jin Dandanci da Hausa da Zabarmanci, kuma in ya yi sallama an san ɗan gidan wane ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ku rubuta wannan a cikin takardar neman, don shi ne jarinku.

Masu fasaha, ban manta da ku ba. Fim, wasan kwaikwayo, zane, tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin masunta ko na Kyangawa kafin tsofaffin su ƙare, duk aiki ne da ake nema wa tallafi. Oumarou Ganda lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Abidjan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a fim. Daga nan ya koyi aikin, ya riƙe kyamara da kansa, a 1972 ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Da wanda ya riga shi sani ya fara. Yau kuma wayar da ke hannunku tana ɗaukar hoto da murya. Tun 2025 ma Hausa ta zama harshen ƙasa, to wa zai samar da abin karantawa da na kallo in ba ku ba?

Abu na biyu, malamin da zai yi maka jagora. Kar ka tare shi a bakin mota ka ce, "Malam, a taimaka mini da jigo." Irinku talatin yake gani a mako. Ka nemi abin da ya rubuta, ka karanta ko da guda ɗaya. Ka je da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da tambayarka, ka ce, "Malam, na ga aikinku a kan kaza, ni ɗan Gaya ne, ga abin da nake son dubawa, ko za ku gyara mini?" Malamin da ya ga ka yi rabin aiki, shi ne zai tuna da kai ranar da shiri ya zo. Kuma ku yi magana a fili tun farko: sau nawa za ku riƙa haɗuwa, kuma in an buga aikin, sunanka zai fito? Na san wani abokin karatunmu da ya yi wata biyu yana yawo ƙauyuka da takardun tambaya, aiki ya fito babu sunansa ko a wurin godiya. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Ƴan uwana mata, ku kuma ina ƙara muku da wannan: haɗuwa a ofis, da rana, in da hali ku je ku biyu. Duk wanda ya haɗa taimakonsa da wani sharaɗi da bai shafi karatu ba, ku bar shi, ku gaya wa wadda kuka amince da ita cikin malamai ko wakilan ɗalibai.

Abu na uku, takardar kanta. Shafi biyu ko uku sun isa in an tsara. Mece ce tambayar? Me ya sa take da muhimmanci, kuma ga wa? Me aka riga aka rubuta a kai? Yaya za ka yi: ƙauye nawa, mutum nawa, kwana nawa, da wane kayan aiki? Me zai fito a ƙarshe, kundi ne, fim ne na minti goma, ko taswira? Ka rubuta da harshe mai sauƙi. Ka karanta wa wani da ba fanninku ɗaya ba. In bai gane ba, kwamitin ma ba zai gane ba.

Abu na huɗu, kasafi, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Wani ya rubuta jimla guda ƙatuwa ba bayani. Wani ya sa sabuwar kwamfuta da babur. Wani kuma don kunya ya rage har kuɗin su ƙare masa a tsakiyar aiki. Ka je tasha ka tambayi kuɗin mota na gaskiya. Ka lissafa kabu-kabu zuwa ƙauye sau nawa, abinci na kwana nawa, buga takardu shafi nawa, katin waya, ladan wanda zai yi maka tafinta in za ka shiga rugar Fulani, har goron gaisuwar mai gari. Kowane layi da dalilinsa. Jaka hamsin da aka bayyana dalla-dalla ta fi saurin samun sa hannu a kan jaka ɗari biyar da aka jefo haka nan.

Abu na biyar, lokaci da izini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasiƙar malami, takardar shaidar rajista, sakamakon jarrabawa, duk ku tanade su a dosiye guda tun kafin a yi kira, don kira kan zo da kwanaki kaɗan. Ku kuma dubi kalandar garinmu: Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan, da damina manomi ba shi da lokacinka, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa. Sannan kar mu manta a bakin iyaka muke, ga kogi, ga bututun man da ya ratsa zuwa Benin, ga halin tsaro da kowa ya sani. Kar wanda ya fita da waya yana ɗaukar hoton gada ko shingen jami'ai. Ka riƙe takardar izinin bincike daga jami'a, ka nuna ta ga hukuma, ka gaida sarki da mai gari kafin ka yi wa kowa tambaya. Wanda za ka ɗauki muryarsa, ka gaya masa me za ka yi da ita. In ya ce kar a faɗi sunansa, amana ce. Kundi ba ya kai ran mutum ko abincinsa daraja.

Na ƙarshe, in an ba ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ajiye rasit, ka rubuta rahoto a kan lokaci, abin da ya rage ka faɗa. Ɗalibi ɗaya da ya cinye kuɗi ya ɓace yakan rufe ƙofa ga goma da ke bayansa, a ce ai ƴan wurin kaza haka suke. Kuma ka koma wa mutanen da suka ba ka lokacinsu. Ka zauna da matan Foga ka gaya musu abin da ka gano, da harshen da suke ji. In an ƙi ba ka kuwa, ka tambayi dalili, ka gyara, ka sake turawa. Manyan malaman da kuke gani, kowannensu an sha mayar masa da takarda.

Duk wannan dabara ce ta mutum ɗaya. Amma akwai abin da sai mun haɗu. Tun a 1980, a Legas, shugabannin Afirka suka sa wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan kimiyya da bincike, kuma har yau akasarin ƙasashenmu ba su kai ba. Mu ba ma sai mun jira wannan ba. Abin da nake kira a kai ƙarami ne: kowace tsangaya ta ware ɗan asusu don binciken ɗaliban lisansi, a liƙa sanarwa kowa ya gani, a faɗi sharuɗɗa, a buga sunayen waɗanda suka ci da jigoginsu. In babu irin wannan tsari, ɗan mai hali ne kawai ke zuwa fili, ɗan talaka ya kwafi na wani. Wakilanmu na ƙungiyar ɗalibai su sa wannan cikin buƙatunsu, kusa da maganar buris da abinci da ɗakunan kwana.

Nan gida ma akwai hanya. Gaya tana da attajirai da ke gina masallatai suna kai mutane Makka, Allah Ya saka musu. Mu je musu da takarda a tsare, mu ce Alhaji, ga ɗalibai biyar, ga tambayoyinsu a kan kasuwar da kuke ci da kogin da kuke sha, ga malaman da za su duba su, ga lissafi. Mu je ma'aikatar magajin gari da irin wannan takarda. Ilimi mai amfani ma sadaka ce mai gudana.

Saboda haka ga aikin da na bar muku kafin hutu ya ƙare. Kowa ya rubuta shafi ɗaya: tambayarsa, wurin da zai je, da sunan malamin da zai tunkara. Mu da muka riga ku gamawa za mu zauna mu karanta, mu gyara tare, kowa ya koma makaranta da abinsa a hannu. Mai nema yana tare da samu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.