GORON SAMAN KWANDO

 Ku ba ni kunnenku kaɗan, gama yau ina da labarin wata tafiya.

A shekara ta 2019, wadda gwamnatin Gana ta kira Shekarar Komowa, ko'ina ka juya a Kumasi sai zancen bakin teku. Wani abokina mai sayar da goro ya je Elmina ya komo. Ya ce mini, "Malam, wanda bai ga Elmina ba, bai ga duniya ba. Rairayi fari fat, iska mai daɗi, kifi kuwa kamar kyauta." Har ya nuna mini hotuna. Wata uku ina tara kuɗi. Uwargida ta ce, "Maigida, rufin ɗaki yana yoyo." Na ce ta bari sai na komo.

Na shiga mota da asuba, tafiyar fiye da kilomita 200, ta Fosu da Cape Coast. Da na sauka na tarar hazon hunturu ya rufe teku, ba ka rarrabe ruwa da sama. Inda na tsaya, rairayin nan fari leda ce da kwalabe suka rufe shi. Ɗakin kwana ya ci ninki biyu na abin da aka gaya mini, famfo kuwa ba ruwa. Na so in shiga teku, aka ce kul, igiyar ruwa takan janye mutum. Na nemi kifin nan mai araha, ashe ran Talata ce, masunta kuwa ba su kan fita ran Talata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna ina tunanin rufin ɗakina.

Wani tsoho mai shayi ya ga fuskata. Ya ce, "Ɗana, me ka zo nema?" Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce, "Garinmu na masunta ne, bai taɓa ce maka shi aljanna ne ba. Tashi ka shiga gidan dutsen can."

Na shiga. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na ga ɗakunan duhu inda aka tsare bayi, da ƙunƙuntar ƙofar da a ke fitar da su zuwa jirgi, ba komowa. A nan kuma aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896, kafin a kai shi Saliyo da tsibiran Seshel. Sai 1924 ya sake ganin Kumasi. Na fito jikina a sanyaye. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi tafiya dominsa, amma abokina bai ko ambace shi ba.

Da na komo na je rumfarsa. Na ce, "Alhaji, don me ka yi mini haka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ma abin da ka gani na gani. Hotunan a gaban masaukin baƙi na ɗauka, inda a ke shara kowace safiya. Kunya ce ta hana ni in ce na yi hasarar kuɗina."

Kun ji, jama'a? Bai ci ko kwabo daga wurina ba, duk da haka ya cuce ni, gama ya rufe kunyarsa da kuɗin rufin ɗakina. Ya cuci garin kuma, domin yabon ƙarya ya ɓoye abin kirkin da ke cikinsa.

To, kada mu yi saurin zarginsa. Wane ne a cikinmu bai taɓa jera manyan goro a saman kwando ba, ƙanana da masu tsutsa a ƙasa? Wane ne bai komo daga Legas ko Abijan yana kuri ba, alhali a tasha ya kwana? Wani yaro yana jinka, gobe za ya sayar da kekensa ya bi sawunka. Mai saye yana ganin saman kwando kaɗai, amma Allah yana ganin ƙarƙashinsa.

Saboda haka, ɗan'uwana, ka faɗi kayanka yadda su ke. Idan tafiya ta cuce ka, ka ce ta cuce ka, domin wani ya tsira. Mutumin da ka gaya wa gaskiya yau, shi za ya komo rumfarka gobe, har da ɗan'uwansa.

Sai mun sake saduwa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka da baki mai gaskiya.