Abin da ke bayan leda: jawabin 'yan ajin yamma a bikin ƙungiya

 

An ce mu 'yan ajin yamma mu faɗi abin da karatu ya tsinana mana a kasuwa. Da mun so sai mu ce lissafin bashi, ko karanta saƙon banki a waya. Amma mun zaɓi ƙananan rubutun nan na bayan ledar biskit, domin ya taɓa ba mu kunya.

Akwai wata mai sayayya a teburinmu, yaronta ɗan shekara 4 yana fama da borin jini da gudawa. Likita ya ce ta janye masa madara da ƙwai na wasu makonni. In jiki ya lafa, sai a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a gane wanne ne jikinsa ba ya karɓa. Baiwar Allahn nan ta yi ƙoƙari: ba shayi da madara, ba fura da nono, ba wainar ƙwai. Mako 2, yaro ya fara barci lafiya. Ran nan ya sa kuka a gaban tebur, ta ɗauki biskit ta ce, "Yaya, wannan da madara a ciki?" Muka dubi gaban ledar, ba hoton saniya, ba kofin madara, muka ce babu. A daren nan jikin yaro ya yi ruɗu-ruɗu. Da ta kai ledar asibiti aka nuna mata wata 'yar kalma a baya, "whey", wato ruwan da ke tsatsowa daga madara in ana yin cuku. Wahalar mako 2 ta tashi a banza, sai da aka koma farko. Ba ta yi mana faɗa ba, amma wallahi mun kwana da abin.

Daga nan muka riƙa kai ledoji aji, malama tana karanta mana. Ga abin da muka koya.

Gaban leda talla ne, gaskiyar tana baya. Hukumar NAFDAC ta wajabta wa kamfanoni su jera kayan haɗi, kuma ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Ku nemi kalmar "ingredients", a nan jerin yake farawa.

Abu ɗaya yana da suna fiye da ɗaya. Madara tana zuwa da "milk", amma "whey", "casein" da "butter" duk 'ya'yanta ne. "Groundnut" da "peanut" duk gyaɗa ce. "Wheat" alkama ce, kuma fulawa, taliya, kuskus da semo duk daga gare ta suke. Mu kanmu mun daɗe muna zaton semo dangin masara ne. Waken suya, "soya", yakan shiga cakulan da biskit. In kun ga "may contain", ana nufin wataƙila ɗan ɓurɓushi ya shiga, saboda inji ɗaya ke yin kaya iri-iri. Kayan da ke zuwa da Faransanci kuma, "lait" madara ce, "arachide" gyaɗa, "blé" alkama.

To, wannan na kamfani ke nan. Namu fa? Yawancinmu a nan muna ƙulla cincin, alkaki, dubulan, gullisuwa, dakuwa ko kantu a farar leda, ba ko harafi ɗaya a jiki. Mai saye ta ga cincin, ba za ta san an fasa ƙwai an zuba madarar gari ba. Ba za ta san cewa a man da aka soya ƙuli-ƙuli aka soya shi ba. Ta sayi dakuwa tana cewa aya ce, alhali wata takan haɗa da gyaɗa. Mu ne kawai muka sani, ko ba haka ba?

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, duk mai ƙulla kaya ta saka 'yar takarda da Hausa: fulawa, ƙwai, madara, man gyaɗa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, mu 'yan aji za mu rubuta mata, ko sisi ba ma so. Na biyu, in an tambaye mu abin da ba mu tabbatar ba, mu juya leda mu karanta tare, ko mu ce a bari. Ribar biskit ɗaya ba ta kai kwanan asibiti ba. Na uku, in muka canja bota ko mai saboda tsada, mu sake duba bayansa, mu gaya wa masu saye.

Iyaye kuma, kada wata ta ji wannan ta je ta hana yaro madara, ƙwai da gyaɗa da ra'ayin kanta. Yaro yana buƙatarsu don girma, likita ne zai ce a janye, shi zai ce a dawo. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya, har alawar da kaka ta ba shi a ɓoye. In kuwa kuka ga leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne, a garzaya asibiti.

Matar nan har yanzu a wurinmu take sayayya. Ƙwai ya koma cikin abincin yaron, madara ce dai likita ya ce a ci gaba da kiyayewa. Yanzu in ta zo, tare muke juya leda.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya saka wa malamarmu da alheri, ya maimaita mana.