A Bar Wa Yara Filinsu

Duk unguwar da aka yanka filin ƙwallonta aka gina shaguna, ku lura da inda samarinta ke komawa bayan la'asar. Lungu suke shiga, can kuwa ƙwaya da wuƙa ke jiransu.

Yaron da ya sha gudu tun la'asar har magariba, barci yake nema, ba faɗan daba ba. Kuma koci yakan ji abin da yaro ke ɓoye wa mahaifinsa. Ahmed Musa ma sai da ya taka leda a Kano Pillars kafin Turai ta san shi.

Wanda ya fito daga gidan gyaran hali, a ba shi riga a ƙungiyar unguwa, kada a guje shi. Masu unguwanni, ku tsare mana filayen nan.