Kada Mu Yi Wa Amurkawa Kuɗin Goro

Tun yaƙin Iraƙi na 2003 wasunmu ke cewa Amurkawa duka masu girman kai ne, gara Turawan Ingila. Lalle halinsu ya bambanta. Baturen Ingila yakan kame bakinsa, Ba'amurke kuwa yakan faɗi abin da ke ransa, har ya kira dattijo da sunansa. Al'adarsu ce, ba raini ba ne. Mu tuna, Likita Miller na Zariya mutumin Ingila ne. Kulp da Helser, da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, Amurkawa ne. Bishara ɗaya suka kawo mana. Mu tsiraru mun san zafin kuɗin goro, kada mu yi wa wani. Ubangiji ya taimake mu. Amin.